Uwarki Ce Za Ta Zo Ta Karɓa

Ranar da Malama ta fara ganinsa ba ta ga kyawunsa ba, ƙurar takalminsa ta gani. Ya faɗo ofishin malamai da wayar wuta naɗe a kafaɗa, yana huci kamar wanda ya hau bene da gudu.

"Wace ce ta ƙwace wa ƙanwata waya?"

Malama tana duba takardun gwaji da jan biro. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wanda bai yi sallama ba, ba na jin maganarsa."

Ya koma bakin ƙofa ya yi wata sallama da ta fi kama da neman faɗa. Ta amsa masa a tsanake, ta rufe biron, sannan ta dube shi. Dogo ne, rana ta gasa masa goshi, kuma idanunsa irin na ɗalibarta Auta ne sak. Nan ta gane ko wane ne.

Abin da ya faru jiya ba wani dogon labari ba ne. Tana koyar da kimiyya a ajin 'yan mata, ta sa wata yarinya mai in'ina ta karanta darasi. Yarinyar tana fama da kalma ɗaya, gumi yana keto mata, sai Malama ta hango Auta a kujerar baya ta jingina waya a jikin littafi tana ɗaukar ta bidiyo, ƙawayenta suna toshe baki. Ran Malama ya ɓaci. Ta nufo ta, Auta ta juyo da wayar ta saita ta a kan Malama, ita kuwa ta miƙa hannu ta rufe idon kyamarar ta fizge ta.

"Uwarki ce za ta zo ta karɓa," ta ce. "Ina so ta zo ta ga idanunki, ta ga abin da rashin barci ya mai da 'yarta."

Ga shi yau maimakon uwa, ƙato ne ya zo.

"Uwarta na ce ta zo," Malama ta ce masa. "Kai ne uwarta?"

"Ni na saya mata wayar. Don karatu na saya."

"To sannu da ƙoƙari. Ka saya mata rashin barci da rashin kunya, duka a kwali ɗaya."

"Malama, ki iya bakinki."

"Kai ka iya ƙanwarka."

Ta aika aka kira Auta. Yarinyar ta shigo tana jan ƙafa, shekarunta goma sha shida amma ƙarƙashin idonta ya yi baƙi kamar na mai jinya. Malama ta ce ya dube ta da kyau, ba irin kallon da yake mata da safe yana sauri ba. Ya duba. Ta gaya masa wa ake ɗauka a bidiyon, da dalilin ɗaukar. Hucinsa ya fara sauka, har ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Da Auta ta fita ya sassauta murya.

"Umma tana da hawan jini. Tun rasuwar Abba ba ma kai mata abin da zai tayar mata da hankali. Ki ba ni, na yi alkawari zan sa ido."

Da Malama ta san abin da zai biyo baya, da ta kulle wayar nan a durowa ta jefa makullin a rijiya. Amma ya ambaci ciwo da maraici, ita kuma zafinta a baki yake. Ta miƙa masa, da sharaɗin ya riƙa karɓe ta daga magariba. Ya nemi lambarta don ya riƙa ba ta rahoto. Ta ba shi tana harararsa.

Washegari da safe saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum. Na yi sallama tun daga bakin ƙofa. Mai Sola ne, yayan Auta. Na karɓe wayar kamar yadda kika ce. An yi kuka, an ƙi cin abinci, amma an yi barci."

"Wa alaikumus salam. Madalla. Yau ma haka."

"To Malama. Ni babu aikin gida da za a ba ni?"

"Akwai. Ka goge takalminka."

Da la'asar ya turo mata hoton takalmi yana ƙyalli. Ta yi tsaki, ta kife wayar, ta sake ɗagowa ta kalla, ta kama kanta tana murmushi ita kaɗai a ofis.

Daga nan rahoto ya fara tsawo. Aikinsa haɗa wa mutane wutar sola, yini yake a saman rufin kwano, amma sai ga shi kullum da dalilin bi ta ƙofar makaranta. Faifan solar makarantar da babu abin da ya same shi ya sha dubawa har maigadi ya fara yi masa dariya. Malama ta ce masa idan da gaske yake, gidansu yana da ƙofa, kuma Babanta yana zama a bakinta. Ya je. Baba tsohon direba ne, ba ya yarda da mutum sai ya ga hannunsa. Ya dubi tafin Mai Sola da ya yi kanta, ya sa aka kawo masa kujera.

"Haskena, kin tashi lafiya? Ina saman rufi, rana ta fito, amma ban fara caji ba sai na ji daga gare ki."

"Duk kwastomominka haka kake ce musu?"

"Su wuta nake ba su. Ke ce kike ba ni."

"Ɗalibina, ka riƙe tsani da hannu biyu ka daina rubutu. Idan ka faɗo ni za ka bari da asara."

"Kin ce asara. Na ajiye wannan saƙon, ba zan goge ba."

Umma ma ta so ta. Ranar da Malama ta je gaishe ta, ta riƙe hannunta ta ce ta lura Auta ta fara cin abinci a zaune kamar mutum, ko da yake ba ta san dalili ba. Malama ta dubi Mai Sola, ya kau da kai. Manya suka shiga magana, aka fara zancen lokaci.

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba. Ga babba, karɓe waya da magariba ba komai ba ne. Ga Auta kuwa rushewar duniya ce. Da dare ake hira a shafin sada zumunta, da dare ake samun mabiya, duk wadda ba a gani ba an manta da ita. Mabiyanta suka fara zubewa, ƙawayenta suka buɗe wani zauren hira babu ita. Yanzu kuma a ce matar da ta jawo mata wannan ita za ta shigo gidansu, ta zama matar yaya, ta riƙa ganin ta safe da yamma.

Ta kai kukanta wajen maƙwabciyarsu Mai Turare, wadda take sayar da kaya a shafinta, take da mabiya kamar ƙasa, kuma ta daɗe tana kawo wa Umma kyautar kwalbar turare ba don Allah ba, don idonta yana kan Mai Sola. Auta ta nuna mata bidiyon ranar nan, don wayar ba ta daina ɗauka ba har bayan an fizge ta. Mai Turare ta kalla, ta mayar baya, ta sake kalla.

"Ƙanwata, ai dukiya kike riƙe da ita. Daga nan zuwa nan kawai za ki yanka."

Abin da ya fita duniya bai kai tsawon atishawa ba. Hannu ne ya cika fuskar waya, yatsu biyar a ware, bayansa fuskar Malama a murtuke, da kalma ɗaya tak: "Uwarki." An maimaita ta, an sa mata kiɗa a ƙasa. Duk wanda ya gani ya san daƙuwa ya gani, malama ta yi wa ɗaliba daƙuwa ta zagi uwarta a cikin aji.

Kafin azahar ya gama makarantar. Kafin kwana biyu ya gama gari ya tsallaka inda Malama ba ta taɓa zuwa ba. Mutanen da ba su san ko sunanta ba suka zauna suka yanke mata hukunci da babban yatsa, suna kwance a kan katifa. Wasu suka ce a kore ta, wasu suka ce a ɗaure ta, wasu suka bar maganar suka koma kan hancinta. Yara ƙanana a layi suna hango ta sai su ware yatsu su kwashe da gudu.

Firinsifal ya kira ta, yana magana yana kallon wayarsa.

"Ki ɗan huta a gida har ƙura ta lafa."

"Yallabai, aji guda ya ji abin da na faɗa. Ka kira su."

Ya kira su. Suka sunkuyar da kai. Rabinsu sun tura bidiyon da hannunsu, sauran kuma suna tsoron kada gobe a wayi gari su ne a ciki. Malama ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, yaran da take zama da su bayan tashi tana maimaita musu darasi kyauta. Ta ɗauki jakarta ta fita ba ta yi kuka ba, don ta san ko kukan ma wani zai ɗauka.

Mai Turare da kanta ta kai wa Umma bidiyon, tana salati tana dafa ƙirji. Umma ta kalla sau ɗaya ta ce wadda ta zage ta a gaban 'yarta ba za ta taka mata tsakar gida ba, ko bayan ranta.

Da yamma Mai Sola ya zo. Ya tsaya a ƙofar gida, bai zauna a kujerarsa ba.

"Haskena."

"Faɗi abin da ya kawo ka."

"Na san kin ce Umma ta zo. Na tuna. Amma hannun nan fa? Na kalla, na sake kalla. Kin san kina da zafi, wataƙila a cikin fushi…"

"A cikin fushi me?"

"Tambaya kawai nake. Kin yi ko ba ki yi ba?"

Malama ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Zagin duniya duka bai yi mata ciwon wannan tambayar ba.

"Wata nawa kana zama a kan kujerar nan? Ka taɓa jin na zagi ko kaza? Amma waya ta nuna maka, shi ke nan, ta fi ni gaskiya. To bari ni ma in tambaye ka. Ka gaya wa Umma cewa ita na kira ranar nan, kai ka tare hanya ka zo?"

Ya kau da kai.

"Ka gaya mata?"

"Jininta ya hau tun jiya. Idan ta ji mun ɓoye mata…"

"Wato gara ta kwana da cewa na zage ta, da ta ji ɗanta ya yi mata ƙarya. Ka kyauta. Jinin Umma ka tsare, ni kuma nawa ruwa ne."

"Ki saurare ni."

"Na gama sauraro. Ka tafi, kuma ka goge saƙon nan da ka ce ka ajiye. Babu wata asara."

Baba yana daga ciki yana jin su. Ya fito ya ɗauke kujerar da hannunsa ya shigar da ita.

"Samari, ban haifi 'ya don a mai da ita abin dariya a gidanku ba. Maganar aure a ajiye ta. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Kwanaki suka yi ta wucewa. Malama ta wanke duk abin da yake wankuwa a gidan, ta goge wanda ba ya buƙatar guga, ta yi faɗa da tukunya da tsintsiya. Saƙonninsa suna shigowa tana karantawa tana ƙin amsawa.

"Haskena, na yi kuskure da na tambaye ki. Bakina ne ya riga hankalina."

"Yau na haɗa waya a juye, na ƙona wa mutum fanka. Ban taɓa yi ba tunda na fara aiki."

"Ko zagina ne ki yi, in dai zan ji daga gare ki."

Wannan na ƙarshen ya fi ba ta haushi. Ita da ake zargi da zagi, shi ne zai ce ta zage shi. Ta jefa wayar ƙarƙashin filo, ta zauna a bakin gado tana huci, kuma tana kewarsa, abin da ya ƙara mata haushin kenan.

Wata ranar da rana tsaka aka yi sallama. Yarinyar nan ce mai in'ina, da kayan makaranta a jikinta.

"M-malama, Auta ta daina zuwa."

"Sai me? Ni ma na daina."

Yarinyar ta yi ta kokawa da kalmomi har ta fitar da labarin. Iska ta juya. Wani mai yawan mabiya ya fito ya ce malamar ta yi daidai, yaran yanzu sai da haka. Jama'ar da suka gaji da Malama suka sami sabon nama. Suka tono shafin Auta, suka kwashe hotunanta suna canza musu fuska, suna mata dariyar haƙora da ta goshi. A ƙarƙashin kowane hoto kalma ɗaya suke rubutawa, wadda ita ta koya musu. Jiya kuma Auta ta rubuta: "Na gaji. Ku yafe min." Daga nan ba a ƙara jin ta ba.

"Ke da ta ɗauka tana dariya, ke ce kika zo?"

"N-na san yadda ake ji, Malama."

Malama ta so ta ce babu ruwanta. Har ta buɗe baki. Sai kalmomin nan biyu, na gaji, suka tsaya mata a rai, don ta san yarinya mai shekara goma sha shida ba ta rubuta su don wasa. Ta ja mayafi tana masifa ita kaɗai, ta fita.

Umma ce ta buɗe ƙofa. Fuskarta ta canza.

"Kin zo ki ƙarasa a gabana ne?"

"Umma, ina wuni. Wajen ɗalibata na zo. In na gan ta ki kore ni, ba zan yi musu ba."

"Tana ɗaki, ba ta da lafiya. Ta ƙi ci, ta ƙi fita, saboda abin da kika yi mata."

Malama ba ta tsaya amsawa ba, ta wuce ta tura ƙofar. Rana tana tsakiya amma ɗakin duhu, an saki labule, yana warin rufi. Auta tana ƙudundune a lungun gado, hasken waya ne kawai a fuskarta, yatsanta yana ja yana ja. Ta rame har wuyanta ya fito.

Malama ta yaye labulen da ƙarfi. Ta zo da maganganu cike da baki, waɗanda ta yi kwanaki tana wasa su. Da ta ga fuskar yarinyar sai suka watse. Ta miƙa hannu, wannan karon tafin yana kallon sama.

"Ba ni wayar."

"Malama, na kasa dainawa." Muryarta ta dushe. "Na san zagi ne, amma sai na duba. Ina ajiyewa sai in ji kamar an ƙara wani. Ko barci na fara sai in ji tana kira na."

"Na sani. Ba ni."

Umma tana tsaye a bakin ƙofa. "Wa yake zagin ki? Me suke rubutawa?"

Auta ta fashe da kuka. "Ke suke zagi, Umma. Kullum, mutanen da ba su san ki ba. Malama ba ta taɓa zagin ki ba. Ni na yanka, ni na jawo miki."

Ta nemo bidiyon na asali ta kunna. Ga yarinya mai in'ina tana fama, ga dariya ƙasa-ƙasa, ga Malama ta nufo, ga hannu ya rufe kyamara. Sannan muryar ta fito cikakkiya, har zuwa inda ta ce tana so uwa ta zo ta ga abin da rashin barci ya mai da 'yarta.

Umma ta ce a sake kunnawa. Aka sake. Ta zauna a bakin gadon a hankali.

"Ashe kira na aka yi."

Ta ɗago ta dubi Auta.

"Aka kira ni in zo in ga 'yata. Wa ya je?"

Kamar an aiko shi, sai ga Mai Sola ya shigo cin abincin rana, da wayar wuta a kafaɗa. Ya ga Malama, ya ga fuskar Umma, ya sha jinin jikinsa.

"Ni na je, Umma. Saboda hawan jininki…"

"Rufe min baki! Hawan jini? Ku ne hawan jinina! Ina cikin gidan nan da raina, kun mai da ni hoton bango. Yarinya tana narkewa a ɗaki, ka sani, malamarta ta sani, har maƙwabta sun sani, ni da na haife ta ban sani ba. Da ka bar ni na je ranar nan, da na ga idonta da kaina, da duk wannan bai faru ba. Sannan ka tsaya kana kallo ina tsine wa baiwar Allah, ba ka ce uffan ba. Wannan ne tausayin?"

Ya durƙusa a inda yake. Malama ta karɓi wayar daga hannun Auta, ta kashe ta, ta sa wa Umma a tafin hannu.

"Ga ta, Umma. Dama ke na ce ki zo ki karɓa. Kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki kwanakin nan, ta kwana kusa da ke. Gobe kuma a kai ta ta ga likita."

Ta juya ga Auta. "Ke kuma akwai wadda za ki ba haƙuri kafin ni. Ita ce ta zo ta gaya min halin da kike ciki."

Ta fita ta gefen Mai Sola, ko kallonsa ba ta yi ba.

An saka cikakken bidiyon a shafi. Kada ka yi zaton duniya ta taru ta ba da haƙuri. Waɗanda suka kalle shi ba su kai cikin cokali na waɗanda suka kalli na farko ba, don gaskiya ta yi musu tsawo, kuma babu kiɗa a ƙasanta. Mai Turare ta goge nata ta koma tallan kwalba kamar ba ita ba, sai dai Umma ta mayar mata da kyaututtukanta a leda. Firinsifal ya kira Malama ta dawo aiki, yana magana kamar dama hutu ta je. Har yau akan sami yaron da zai ware mata yatsu a layi, kuma har yau abin yana mata ciwo.

Auta ta dawo makaranta bayan ta ɗan murmure. Da kanta ta ɗauke jakarta daga kujerar baya ta koma kusa da mai in'ina.

Shi kuwa Mai Sola bai fasa rubutu ba.

"Haskena, ba ni da hujja. Na yarda da waya na bar ki, na ji tsoron Umma na bar ki. Tun ranar da na shigo ofishinku ba sallama kika ƙwace min zuciya, tana durowarki. Ban cancanta ba, amma ina roƙo a ba ni, ko a gaya min ranar da zan zo."

Ta bar shi ya kwana biyu yana jira, don fushinta na gaske ne, kuma fushi yana da hakkin a bar shi ya huce da kansa. Sannan ta rubuta.

"Ɗalibina, na taɓa ba wa yaya abin da na ƙwace, na ga sakamako. Ba na ƙarawa. Mahaifiyarka ce za ta zo ta karɓa."

Da hantsi washegari Umma ta yi sallama a ƙofar gidan, Auta tana bayanta. Baba yana zaune a wajensa, ya amsa a daƙile.

"Malam, an kira ni tun tuni, 'ya'yana suka ɓoye min. Yau na zo karɓa."

"Karɓar me?"

"'Yarka. Amma kafin nan na zo da laifi a hannu. Na yanke mata hukunci ban tambaye ta ba, na faɗi maganar da ba ta dace ba. Duk da haka da 'yata ta shiga wani hali, ita ce ta tako gidan da aka kore ta. Ni ban san inda ake samun irinta ba."

"A gidana ake samu," Baba ya ce. "Kuma kun san yadda kuka yi da ita."

Auta ta zube a gabansa tana kuka. Baba ya daɗe yana kallon ta, yana motsa baki. Shi ma fushinsa irin na 'yarsa ne. Daga ƙarshe ya ce ta tashi, ƙasa da sanyi. Ya ɗaga murya ya kira Malama, wadda dama tana bayan ƙofa.

"Kin ji. Ke aka ɓata wa, ke za ki ce."

Malama ta dubi Umma, ta dubi Auta, ta hango wani dogo can bakin layi yana leƙe, takalminsa yana ƙyalli a rana.

"Baba, a mayar masa da kujerarsa."

Ranar auren gidan ya cika, kowa da waya a sama kamar masu roƙon ruwa. Amarya ta ɓoye hannayenta cikin mayafi, don tun abin nan ba ta ƙara ɗaga hannu a gaban kyamara ba. Ango ya sunkuyo.

"Haskena, yau ma fushi ake?"

"Saura kaɗan. Ka ci gaba da biyayya."

Sai ga Auta ta matso da wayar Umma a hannu, ta tsaya nesa kaɗan.

"Anti, in ɗauka?"

Malama ta dube ta. Wannan ne karo na farko da ta ji yarinyar ta nemi izini. Ta gyaɗa kai, amma hannunta yana ɓoye.

Umma ta lura. Ta taso ta zaro hannun daga cikin mayafin, ta buɗe yatsun nan biyar ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, ta ɗora su a tafin ɗanta mai kanta, ta rufe da nata.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin magana, ya tsare ku daga bakin mutane da yatsunsu."

Gida ya amsa da amin. Idon amarya ya cika, wannan karon ba ta damu da wanda zai gani ba.

Umma ta juya ga Auta.

"Ɗauka yanzu. Kuma kada ki yanke komai."